Tsegumin Muda Lawal: Bana 'Ya'yan Kowa Na Ɗaya Suka Zo

Matso da bencinka kusa, ka rage murya. A kasuwar nan ta Muda Lawal ko buhun albasa ka raɗa wa magana da hantsi, kafin la'asar ta isa kasuwar Wunti ta dawo maka da ƙari. Don haka abin da za ka ji yanzu, idan ya fita, ba daga bakina ya fito ba.

Tun da aka raba katin sakamako aka sallami yara hutun ƙarshen shekara, nake bin layin 'yan doya da na 'yan gwari, ina leƙa wajen masu lemo da rumfunan masu hatsi, ina neman mutum ɗaya tak da zai ce ɗansa na ashirin da uku ya zo. Babu. Kowa ɗansa ne na ɗaya. Mai ɗan tsoron Allah shi ne zai ce na biyu, shi ma sai ya ƙara da cewa maki ɗaya aka fi yaron da shi, kuma wanda ya fi shin ɗan malamin lissafi ne. Na ce da wani dattijo mai dankali, "Baba, to masu zuwa na ƙarshe fa, 'ya'yan su wane ne?" Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "'Ya'yan mutanen Wunti mana."

Zangon nan da rigima ya faro tun ba a buɗe shi ba. Ka tuna a ƙarshen Fabrairun 2025 gwamnatin jihar Bauchi ta rufe makarantu kimanin mako biyar saboda azumi, kamar yadda Kano da Katsina da Kebbi suka yi, ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta ce ba ta yarda ba, aka yi ta musayar yawu a rediyo da Facebook. A Muda Lawal ma an tafka muhawarar. Abin da 'yan jarida ba su gani ba shi ne, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya wajen goyon bayan hutun, masu kayan marmari ne. Tausayin yara da zafin rana suke ta ambato, kuma rana kam ta yi zafi. Sai dai yaran da aka tausaya wa ɗin cikin ranar suka riƙa wuni suna yanka kankana da ƙulla lemo a leda, tun azahar har a sha ruwa. Azumi ai kakar mai kankana ce, wa zai ƙi ma'aikaci kyauta na wata guda? Da aka koma makaranta bayan ƙaramar sallah ma akwai wanda ya ƙara wa ɗansa mako guda daga aljihunsa, wai yaron bai gama warwarewa daga azumi ba, alhali mangwaro ne ya fara sauka.

'Yan aji shida su suka ji jiki, don ko zama ba su gama yi ba JAMB ta iso a ƙarshen Afrilu. To a nan Alhajinmu ya shigo labari. Ba zan faɗi layinsa ba, ba zan faɗi abin da yake sayarwa ba. Iyakar abin da zan ce, motar kayansa daga Binuwai take tasowa, kuma ba ya zama sai a kan kujerar roba mai hannu. Tun ɗansa na aji huɗu yake kiransa Dakta, har 'yan dako sun ɗauka. Ranar jarrabawa shi da kansa ya kai shi santa a mota, ya tsaya a bakin ƙofa yana raba wa masu gadi goro, ya dawo kasuwa ya sayi rago ya ɗaure a bayan rumfa, ya ce na walima ne.

Sakamako ya fito a farkon Mayu, ta saƙon waya. Yaron rumfarsa, mai tura masa baro da rubuta masa bashi, shi ya karanta masa. Wanda ke kusa ya ce mini Alhaji ya sa an maimaita masa lambar, ya sake sa an maimaita, sannan ya tambaya a hankali ko cikin 200 ake lissafin. Yaro ya ce, "A'a Alhaji, cikin 400 ne." Ya yi shiru yana kallon ragon. Can ya ce a kai shi gida, a bar shi sai layya.

A gaskiya ba ɗansa kaɗai ba ne. Cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna jarrabawar 2025, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. Kwatsam ranar 14 ga Mayu sai ga shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, gaban 'yan jarida yana share hawaye, ya ce an samu tangarɗar na'ura, ɗalibai 379,997 za su sake rubutawa. Ina ma ka ga Alhaji ranar! Rumfa-rumfa ya bi da waya a hannu yana nuna bidiyon: "Kun gani ko? Ni na san kwamfuta ce ta cinye maki wa Dakta." Ba wanda ya iya ce masa tangarɗar nan a Legas da jihohi biyar na Kudu maso Gabas ta faru, shi kuwa Dakta a nan cikin garin Bauchi ya rubuta. Wa zai faɗa, rabin layin a wurinsa suke ɗaukar kaya bashi? Har gobe yana jiran saƙon da zai kira yaron ya sake zama.

Ajiye Alhaji a gefe tukuna, ban gama da shi ba.

Ana cikin haka WAEC ta zo da nata. Ranar 28 ga Mayu takardar Turanci ta makara a jihohi da dama, yara suka rubuta cikin dare da cocila da fitilar waya, hukumar ta ba da haƙuri ta ce ƙoƙarin toshe kafar satar amsa ne ya jawo. Hotunan sun zagaya wayoyin kasuwa, kowa na Allah wadai. Cikin masu Allah wadan har da wani bawan Allah da majiyata ta ce tun watannin baya ya cire 'ya'yansa biyu daga makarantarsu ta cikin gari, ya yi musu rajista a wata makarantar ƙauye da ko rufin kirki ba ta da shi, amma duk shekara ɗalibanta kiredit tara-tara suke kwasowa. Ka san irin wuraren: a biya kuɗin jarrabawa, a biya kuɗin "haɗin kai", sannan kowace takarda a yi karo-karo a sallami mai sa ido. Shi dai cewa ya yi iskar ƙauye ta fi buɗe ƙwaƙwalwa. A 2025 iskar ba ta kaɗa daidai ba. WAEC ta riƙe sakamakon ɗalibai fiye da 190,000 a faɗin ƙasa bisa zargin maguɗi, kuma na ji na yaran nan na ciki. In ka tambaye shi yanzu sai ya ce netwok ne bai buɗe ba.

Bari in leƙa da kai makarantun kuɗi, don can asirin "na ɗaya" yake. Akwai wata, ba zan ce a Yelwa take ko a Fadaman Mada ba, da ta gano dabara: duk yaron da ubansa ya cika kuɗin zango, ranar rabon kyaututtuka sai an kira sunansa. Na ɗaya a tsafta. Na ɗaya a zuwa da wuri. Na ɗaya a ladabi. Har na ɗaya a kula da kujerun aji an yi. Uba ya taho kasuwa ya ce "na ɗaya", ya haɗiye sauran. Babban baƙo na musamman kuwa ba wani malami ba ne ko tsohon ɗalibi, wani ɗan kasuwarmu ne da aka san yana son lasifika. Ya karɓa ya yi alkawarin buhunan shinkafa ga malamai, aka yi ta tafi, ɗansa ya tashi da kyauta uku. Yanzu da ya hango mataimakin firinsifal ya shigo layi, sai ya tuna bai yi walaha ba.

Wannan duk abin dariya ne. Wanda bai ba ni dariya ba shi ne na yarinyar da ita ce ta ɗaya ta gaskiya a kimiyya a makarantar, wadda aka tsayar a bakin get ranar bikin saboda ana bin ubanta ragowar kuɗi. Tana tsaye a waje tana jin ana kiran sunan wadda ke bi mata. Kyautar fa ba wani abu ba ce, filas ne na ruwan zafi da littattafan rubutu, amma mahaifiyarta ta ce yarinyar ta kwana ba ta ci abinci ba. Mai makaranta yana da haƙƙin ya nemi kuɗinsa, malamai ma albashi suke jira. Sai dai ya je ya kama uban, ga shi nan kullum a kasuwa. Yarinya me ta ci?

Makarantar nan dai ita ce ta karɓi kuɗin yawon buɗe ido zuwa Yankari. Yara sun kwana suna mafarkin giwaye da wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Gari ya waye, bas ta ɗebe su, ta ɗan zaga da su, ta sauke su a kabarin Sir Abubakar Tafawa Balewa, aka raba biskit da lemon kwalba, kafin azahar kowa na gidansu. Ni ban ga laifin kai yara wurin ba. Mutumin nan kafin ya zama Firayim Minista malamin makaranta ne: ya yi Midil ta Bauchi, ya je Kwalejin Katsina, ya dawo ya koyar a Midil ɗin har ya zama hedimasta, makarantar da Malam Aminu Kano ma ya koyar a cikinta. Ya kamata kowane ɗan sakandare a garin nan ya je ya ga 'yan kayan da ya rasu ya bari. Amma kuɗin Yankari daban, kuɗin cikin gari daban, kuma iyaye na nan suna jiran canji.

Sai kandi, bikin gama sakandare. Da aka ajiye biro a takardar ƙarshe ta NECO, gari ya cika da fararen riguna da maka, kowa na rubutu a bayan kowa, 'yan mata da lalle har gwiwar hannu, samari uku-uku a kan babur suna hon. Jihohin Yobe da Sakkwato sun haramta abin a watan Yuli, kuma a masallacin kasuwa an yi ta cewa da ma a yi haka ko'ina. Wanda ya fi kowa zafi a kai, har yana cewa duk uban da ya bar ɗansa ya fita ya yi asarar tarbiyya, shi ne wanda tun mako biyu kafin ranar ya sauke dilar fararen riguna da katan na maka daga Kano, ya ba ƙaninsa ya kasa a bakin titi don kada a ce nasa ne. Kaya sun ƙare ƙarƙaf. Ni a ganina yaron da ya shekara shida yana shan bulalar latti da sharar fili, in ya ɓata riga ɗaya da tawada bai yi abin tsinuwa ba. Tseren babur ɗin da raba dare a waje, wannan kam a taka musu burki.

Yanzu ga wanda ya fi daɗi, matso sosai. Ranar Litinin 4 ga Agusta WAEC ta saki sakamako, ta ce kashi 38.32 cikin ɗari ne kawai suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Wajen mai shagon kwamfuta na bakin kasuwa ranar kamar gidan makoki, yaro ya shiga da kuɗin kati yana dariya, ya fito da takarda a naɗe yana neman hanyar da ba za ta bi ta gaban rumfar ubansa ba.

Cikin waɗanda abin ya taɓa akwai 'yar wata Hajiya mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Yarinya ta ci komai, Turanci ne ya zo da D7. Ubanta kuwa tun farkon zango ya gindaya sharaɗi: in ta ci, ta ci gaba, in ta faɗi ko ɗaya ne, ga ɗan amininsa na jira. Daren Litinin ɗin ko sallar isha ba a yi ba ya aika gidan aminin cewa su turo. Ran Laraba aka kawo goro da alewa, aka raba a layi, ni ma an ba ni nawa. Hajiya ba ta ce uffan ba, tana auna mai tana share ido da gefen mayafi.

Ran Juma'a 8 ga wata WAEC ta sake fitowa ta ce a yi haƙuri, an yi kuskure wajen makin wani sashe na takardar Turanci, an gyara, waɗanda suka ci yanzu kashi 62.96 ne. Ƙanin yarinyar ya ji a rediyo ya sheƙo da gudu. Hajiya ta bar kwalaben manta a buɗe, ta ja 'yarta har shagon kwamfuta, aka sake bugawa: C5. Ba ta naɗe takardar ba. Sama ta ɗaga ta, ta ratsa layin 'yan tumatir da ita, ta ratsa na masu albasa, har gaban maigidan, ta ajiye masa a kan mudu ta ce, "Malam, ga sharaɗinka nan." Mutum ya duba takarda, ya duba jama'a, ya ce ai an riga an ci goron mutane. Ta ce, "Goro nawa ne? Ni zan biya."

An kai ruwa rana. Daga ƙarshe kawunnan yarinya suka shiga, aka tsaya a kan cewa za ta nemi kwalejin kiwon lafiya ta Ningi ko makarantar koyon jinya ta nan cikin gari, shi kuma saurayi ya yi alkawari gaban shaidu ba zai hana ta karatu ba. Irin wannan alkawari mun sha jin sa, yakan kai wata shida da rai. Amma Hajiyar nan da na gani, ba na jin za ta bari ya mutu. Wani maƙwabcinsu da ya ga haka shi ma ya shiga zarya shagon kwamfuta, wai ko za a gyara wa ɗansa F9 ɗin lissafi. Mai shago ya gaji da karɓar kuɗinsa, ya ce masa, "Kawu, wannan ba kuskuren WAEC ba ne."

Ana wannan sai labarin Nafisa Abdullahi ya shigo, ɗalibar nan 'yar Yobe da ta yi zarra a gasar Turanci ta TeenEagle a Landan. A ƙarshen Agusta Ministan Ilimi Tunji Alausa ya miƙa mata naira 200,000. Wata guda kafin nan, da 'yan matan Super Falcons suka doke Maroko suka ɗauko kofin Afirka, Shugaba Tinubu ya sanar da dala 100,000 da gida ga kowace. Teburin mai shayi ya kama da wuta. Wani tsohon dillali ya bari kowa ya gama, sannan ya ce su daina mamaki, su tuna sunan wa kasuwar da suke zaune a ciki take ɗauke da shi. Mudashiru Lawal ɗan ƙwallo ne, yana cikin waɗanda suka ci kofin Afirka a Legas a 1980, shi ya jefa ɗaya daga ƙwallaye ukun da aka ci Aljeriya, Shugaba Shagari ya ba su gidaje da motoci. Ya ce, "Ku nuna mini kasuwa ɗaya da aka sa wa sunan wanda ya zo na ɗaya a aji." Aka yi dariya, yaran da ke wanke kofuna kuwa sun kasa kunne, kuma su ba dariya suke ba.

To mu koma kan Alhaji mai kujerar roba. Ka tuna yaron da ya karanta masa saƙon? Maraya ne, makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo yake. In an tashi ba ya zuwa gida, kasuwa yake zarcewa, ya cire yunifom ya ninke ya sa a leda ya cusa ƙarƙashin tebur, ya ɗauki baro. Na taɓa ganin littafinsa na tsofaffin tambayoyin JAMB: bango ya tafi, gefen shafukan ya yi ja da ƙasar doya, an ɗaure shi da robar da ake ɗaure kuɗi. A aljihun baya yake sa shi, in mota ta yi jinkirin shigowa ya zauna a cikin baron ya buɗe. Kuɗin rajista ma daga ladan dako ya tara, yana ba wata mai masa ajiya. Ranar da ya karanta wa maigidansa makin Dakta, nasa saƙon na cikin wayarsa tun safe. Ya haura 200 da tazara mai kyau, a shekarar da galibi suka kasa. Bai faɗa wa kowa ba, don kada a ce yana yi wa ɗan maigida dariya. WAEC ma ta fito masa da kiredit ɗinsa cif, tun kafin gyara. Injiniya yake so ya karanta a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa.

Mai masa ce ta fasa ƙwai. Labari ya isa kunnen Alhaji, kuma ka san abin da ya yi? Ya karɓi takardar yaron ya sa aka yi mata hoto, yana yawo da ita a aljihun gaba. Duk baƙon da ya zo daga Jos ko Gombe sai ya zaro, babban yatsa a kan suna, ya ce, "Ka ga abin da yarona ya yi." Ƙarya bai yi ba, yaronsa ne. In baƙo ya ce, "Masha Allah, Dakta ke nan?" sai Alhaji ya yi murmushi ya shiga zancen farashin kaya. Ragon nan kuwa an yanka shi tun layya, ko tsoka ba a ce an ware wa yaron da sunan barka ba.

Ga sabuwar shekarar karatu ta ƙarato. Akwai kuɗin tantancewa na jami'a, in an samu gurbi akwai na rajista, bashin ɗalibai na NELFUND kuma sai wanda ya riga ya samu gurbin yake nema. Abin da ke hannun mai masa ba zai kai ko'ina ba. Shugabannin kasuwa da ke iya tara kuɗi cikin yini ɗaya in za a tarbi ɗan siyasa, ga aiki ya same ku a cikin gida.

Kai kuma Alhaji, na san ana karanta maka shafin nan, kuma na san wanda ke karanta maka. Tunda ka ce yaronka ne, kuɗin bai kai ribar mota ɗaya ba, ka biya masa. In mako ya zagayo ba ka biya ba, zan faɗi launin kujerar.